Fanel Mafi Tsafta a Getso

Ranar da na fara aikin sola, iska ce ta sauke ni daga kan babur. Oga Bulus yana tuƙi, ina zaune a baya, ya ce in riƙe fanel, wato faifan gilashin da ke karɓar hasken rana, a gefe, a maƙale da jikina. Ni kuwa na ga in na yi haka mutanen Gwarzo ba za su gane abin da na ɗauko ba. Sai na ɗaga shi sama da hannu biyu, fuskarsa tana kallon gaba, don duk wanda ke bakin titi ya shaida Nafi'u ya zama ma'aikaci. Muna fita gari Oga ya ƙara wuta, iska ta cika fanel, sai kawai na ga babur ya ci gaba da tafiya babu ni. Na ɗan jima a sama, har ina ganin kamar na hango kasuwar Kabo, kafin na sauka da bayana a gonar waken wani bawan Allah, fanel a kan ƙirjina. Oga ya juyo, ya ɗaga fanel ɗin, ya duba gabansa, ya duba bayansa, ya goge shi da hannun riga, ya ce, "Mun gode Allah." Sai da ya jingine shi a inuwa sannan ya tambaye ni ko ina da rai.

Na fara da wannan ne saboda ku, yaran da kuke tsayawa a bakin shagonmu in an tashi daga makaranta, kuna cewa ai sola jar waya ce da baƙar waya, kowa ma zai iya. Shekarata goma sha bakwai, amma a wannan sana'a na tsufa. Na ga abubuwa. Ku zauna ku ji.

A shagon Oga Bulus ba a fara taɓa waya. Da tsani ake farawa. Za ka ɗauki tsani daga Gwarzo zuwa duk inda aiki ya kai ku, ka riƙe shi Oga ya hau, ka riƙe shi Oga ya sauko, har kafaɗarka ta yi kwari daidai faɗin katakon. In ka daɗe ba ka kayar da kowa ba, sai a ƙara maka girma ka koma warware waya. Daga nan sai ɗaukar batir, wanda nauyinsa yake sa mutum ya tuno duk laifin da ya yi wa iyayensa. Can ƙarshe kuma akwai jaka. Tsohuwar jakar fata ce da ke rataye a ƙusa bayan kujerar Oga. A cikinta akwai mita ta awon wuta, da filaya, da sukundireba babba da ƙarama, da sifana, da salatif. Wanda aka miƙa wa jakar nan, shi ne wanda zai iya zuwa aiki shi kaɗai, ya shiga gari a ce masa Injiniya. Tun ina ɗaukar tsani nake yi mata kallon da akuya take yi wa dusa.

Oga haifaffen Gwarzo ne. Babansa malamin makaranta ne da ya zo daga kudancin Kaduna ya zauna, shi ya sa rabin dattawan garin in sun gan shi sai sun tuna masa bulalar da babansa ya yi musu. Mutum ne mai sanyin magana, amma in ya ce "to" sau ɗaya ya yi shiru, gara ka fara neman inda ka yi kuskure.

Wani aiki da muka je a ƙauyen Mainika shi ya koya mini cewa rabin sana'ar nan a tabarma ake yinta, ba a kan rufi ba. Wani Alhaji ne ya kira mu. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gona da gajiyar hanya, ya ce yana so ya rabu da janareta, don fetur ya ishe shi.

Oga ya ce, "Alhaji, me da me kake so ka kunna?"

"Ba yawa. Firji, da talabijin, da dutsen guga, da ɗan injin markaɗen Hajiya. Sai fanka a kowane ɗaki."

"To fanel nawa ka yi niyya?"

Alhaji ya ɗaga yatsa ɗaya. "Amma babba."

Na sunkuyar da kai ina danne dariya har cikina ya fara ciwo. Oga kuwa ko gezau. Ya ce, "Alhaji, jaki ɗaya ka saya, kana so ya ɗauki kayan tirela." Sannan ya bi shi a hankali. Ya ce in talaka yana son wuta ba tare da ya sayar da gona ba, ga yadda ake yi: fanel ɗaya madaidaici, batir ɗaya mai kyau, da kwantirola, wato ɗan akwatin da ke tsakaninsu yana hana batir ƙoshi ya wuce kima ko yunwa ta kashe shi. Sai ƙwayayen fitila da fanka irin masu sha kai tsaye daga batir, da wurin cajin waya. Ba sai an sayi inbata ba, mai juya wutar batir ta koma irin ta gwamnati, don ita kanta tana da nata cikin da take cikawa. Dutsen guga kuwa a bar shi da gawayinsa. In Allah ya hore, baɗi a ƙara fanel, a ƙara batir, a kai ga firji. Alhaji ya yi ta jayayya har aka kawo fura, ya sha, zuciyarsa ta yi sanyi, ya yarda. Yanzu duk wanda ya je gidansa sai ya kai shi ya ga fankar, kamar wadda ya haifa.

Ba kullum ake shan fura ba. Akwai shekarar da batura suka yi tsada, wasu marasa tsoron Allah suka cika kasuwa da jabu. Mun saka wa wani mai shayi a ƙauyen Jama'a sabon batir, mai nauyi, mai sheƙi, har da leda. Ba a daɗe ba ya aiko cewa fitilarsa ta koma kamar idon mage. Oga ya dawo da batir ɗin shago ya fasa shi, sai ga yashi a ciki, wanda zai isa a yi wa ɗaki daɓe. Kuma ba shi kaɗai muka saka wa ba. Oga ya bi gida gida yana canza wa mutane, har ya sayar da babur ɗinsa. A shekarar nan mun auna hanyoyin Gwarzo da ƙafa, shi da jaka, ni da tsani. Na yi baƙi, na rame, har kakata ta ce in daina wucewa ta bayan ɗakinta da magariba kada ta ɗauka inuwa ce. Tun daga lokacin, in ka ce wa Oga "kaya sun dawo," sai fuskarsa ta canza. Ya fi son ka ce masa shagon ya kama da wuta.

To, a bara da kaka aka miƙa mini jakar. Aikina na farko ni kaɗai a Getso ne, a gidan wata tsohuwa, Inna Dije. Ɗanta Habu direban babbar mota ne, yakan daɗe a kudu. Shi ya kira Oga ya ce yana so mahaifiyarsa da matarsa da 'yarsa Ummi su samu fitila da fanka, kuma wayar Inna ta daina mutuwa, don duk sanda ya kira sai a ce an kai ta caji bakin kasuwa. Ya ce a yi mai sauƙi, ba shi da ƙarfi sosai.

Na shiga Getso da jaka a kafaɗa ina tafiya kamar gwamna. Inna Dije tana ganina ta ce, "Wannan ne mai wutar? Ai na ɗauka mutum za a turo. To shigo, angona, in ka iya aikin na aure ka."

Na ce, "Inna, ni ba na auren wadda ba ta da haƙora."

"Kai ma ai gemunka bai zo ba, mun yi daidai."

Ɗakunan gidan na ƙasa ne, ɗakin girki kaɗai ke da rufin kwano, shi ma yana can ƙarshen gida. In na kai fanel can, sai an sayi doguwar waya mai kauri, ga kuɗi, ga wuta tana zubewa a hanya. Nan ne basira ta zo mini. Na sa kafinta ya buga mini tebur na katako, tsayinsa daidai ƙugu, na kafa shi a tsakar gida kusa da ɗakin Inna, inda rana take wuni. Na ɗora fanel a kai, na ɗan karkata shi kudu. Waya gajera, ba hawa tsani, ɓarawo ba zai hango shi daga waje ba, kuma ko Ummi za ta iya goge shi. Na ce wa Inna, "Abu ɗaya nake roƙo, a riƙa goge gilashin nan." Ta ce in dai tsafta ce, na zo gidanta. Na kunna fitila ta kama, fanka ta juya, matar Habu ta yi guɗa daga cikin ɗaki. Da na koma shago na ba Oga labarin teburin har sau uku, ina ƙara masa gishiri kowane karo. Ya ce dabara ce mai kyau. Na kwana ina tunanin ko gwamnati za ta neme ni.

Ba a yi nisa ba Habu ya kira. Wai wuta tana ɗaukewa tun kafin a gama cin tuwon dare.

Ga abin da ya kamata ku sani game da shiga gidan mutane. Ranar da kake ɗaukar tsani kai yaro ne, kana iya faɗawa ko'ina. Ranar da ka rataya jaka ka zama namiji baƙo. Za ka tsaya a zaure ka yi sallama, ka jira. Haka na yi a gidan Inna. Ummi ta leƙo ta ce, "An ce ana zuwa." Ta kawo mini tabarma da kunun tsamiya. Ina sha ina jin motsi a ciki, ana shara, ana jan kwanuka, ana watsa ruwa. Na ce a raina, kai, mutanen nan sun san darajar Injiniya. Can aka ce in shigo.

Ban taɓa ganin fanel mai tsafta irin wannan ba. Yana ƙyalli, har da ɗigon ruwa a gefensa. Na ga fuskata a ciki, na gyara hula. Na sa mita, wuta tana shiga batir kamar ruwan famfo. Batir ɗin dai ya yi ƙasa, amma yana cika a gabana. Na zauna muna hira da Inna har la'asar, na ɗaɗɗaure wayoyin da dama a ɗaure suke, don a ga na yi wani abu, na tafi. Washegari aka ce wuta ta kai har asuba. Na ce wa Oga ai ɗan sako-sako ne, na gyara.

Bayan kwana biyu ta koma gidan jiya.

Na koma na canza kwantirola. A ranar wuta ta kai asuba, bayan nan ta sake lalacewa. Na koma na canza waya. Haka. Na zargi wata darbejiyar maƙwabta da ko inuwarta ba ta isowa wurin, na roƙi mai ita na sare reshe, awakin unguwa suka yi biki. Haka dai. Na ja Ummi gefe na ba ta alawa, na ce ta gaya mini gaskiya, mutum nawa ne suke kawo cajin waya gidan nan. Ta shanye alawar ta ce babu kowa. Na ɗauko batir ɗin na kawo shago, muka cika shi, muka sa masa fitila ya wuni ya kwana bai gaji ba.

Oga ya dube ni ya ce, "Batir lafiya, fanel lafiya, waya lafiya. Saura kai."

Inna kuwa ta samo nata bayanin. Ta ce, "Angona, wutar nan kai take so. Ranar da ka zo sai ta kwana da mu, kana tafiya ta bi ka. Ka dawo nan da zama mana, ga ɗakin awaki babu kowa."

Ita da wasa ta faɗa, amma da maganar ta isa kunnen Habu ba ta yi masa daɗi ba. Ya kira Oga, ina tsaye ina ji. Ya ce shi direba ne, ya san irin makanikan da suke gyara mota yadda za ta dawo musu. Ya ce wutar da ba ta aiki sai yaronku ya zo, ai da walakin. Ya ce yana hanya, ranar Juma'a zai iso gida, in ya tarar da abin yadda yake, mu zo mu kwashe kayanmu, akwai mai sola a Kabo.

Oga ya ajiye waya, ya ce, "To." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Nafi'u, ban ce ka yi ha'inci ba, na san ba ka da wayon yin haka. Amma in kayan nan suka dawo daga Getso, jaka ta koma ƙusa, kai kuma ka koma tsani."

Na kalli tsanin yana jingine a bango. Na rantse shi ma kallona yake yi.

Ranar Alhamis na isa Getso da rana tsaka. Sallama, tabarma, kunu, jira. Kunun ma ban ji ɗanɗanonsa ba. Da aka ce in shigo na tarar da fanel yana ƙyalli kamar kullum, kamar yana yi mini dariya. Babu abin da ya rage ban canza ba sai Inna da Ummi. Sai na ce bari in bi gefen gilashin da yatsa, ta inda ya haɗu da ƙarfen da ya zagaye shi, ko akwai tsagar da ruwa yake shiga. Na bi a hankali, lungu lungu. A kusurwar ƙasa na tono wasu 'yan ƙwayoyi farare-farare, masu faɗi. Na murza su a yatsa, na ce ko ƙwan wani ƙwaro ne. Zufa tana gangaro mini cikin ido, sai na sa yatsun nan na share.

Jama'a, na sha jin wutar batir a hannu, na taɓa taka gawayi, kunama ta taɓa harbina a gona. Duk wasa ne. Na yar da mita, na zagaye tsakar gidan nan a guje ido rufe, na yi karo da turmi, na ba shi haƙuri, na tsoma kaina cikin bokitin wanke-wanke. Kaji suka watse. Ummi tana ta tsalle tana cewa Injiniya ya haukace. Inna ta kamo ni ta wuyan riga ta zaunar da ni, ta aika aka kawo nono a ludayi, ta wanke mini idon da shi tana dariya har tana tari.

"Wa ya aike ka sa barkono a ido, ɗan nan?"

"Barkono kuma, Inna? A ina na samu barkono?"

"A kan teburinka mana. Na ce wa Ummi ta riƙa bin gefen da tsinke, ba ta ji."

Na buɗe ido ɗaya, wanda ya rage da sauran aiki. A ƙarƙashin rumfa na hango faya-fayai a jere an rufe su da tsohon zane. Na rarrafa na ɗaga. Barkono ne jajir, da yankakkiyar kuɓewa, da ɗan tattasai, duk da ɗuminsu, yanzu aka kwashe su daga rana.

Na ce, "Inna, a ina kike shanya wannan?"

Ta nuna fanel da haɓa. "Ai tun da nake ban taɓa samun wurin shanya irin wannan ba. Kaza ba ta kaiwa, akuya ba ta kaiwa, babu ƙasa, ga zafi. Abin da yake kwana uku a tabarma, nan wuni ɗaya ya bushe ƙarau. Har matar Liman nake shanya wa nata. Allah ya yi maka albarka, kai da kafintan."

"Kullum?"

"Daga hantsi zuwa la'asar. Ina kwashewa in wanke maka shi tas, yadda ka ce."

"To me ya sa ni ban taɓa gani ba?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ake sallama. "Baƙo zai shigo duba kayansa, sai ya tarar da su da kuɓewa a kai? Wace irin tarbiyya ce wannan? Kana yin sallama nake cewa a kwashe a wanke."

Na zauna a ƙasa, nono yana ɗiga daga haɓata. Wato duk kunun da na sha a zauren nan, lokacin kwashe shanya ake ba ni. Ranar da na zo, fanel yakan samu rabin wuni yana shan rana, shi ya sa wuta take kwana. Ina fita a mayar da barkono.

Yanzu saura in gaya wa tsohuwa, a gidanta, a gaban jikarta da surukarta, cewa ita ce take kashe wutar. Oga ya sha gaya mini cewa mai gida bai taɓa yin laifi ba, sai dai ba a yi masa bayani ba. Na fara da cewa, "Inna, shi gilashin nan rana yake ci."

"To ya ci mana. Ranar Allah ce, ta ishe mu duka. Shi ya ɗiba, barkonona ya ɗiba."

Na nuna mata lambobin da ke jikin kwantirola. Ta ce ita ba ta yi boko ba, in kai wa Habu. Sai na ɗauko fankar daga ɗakinta, na cire wayar fanel daga kwantirola na haɗa ta da fankar kai tsaye. Fanka ta ɗauka da gudu har zanen rumfa yana kaɗawa. Na ce, "Ummi, zuba barkono." Ta watsa faifai ɗaya a kan gilashin. Fanka ta fara jan ƙafa. Ta ƙara na biyu, da kuɓewa. Fanka ta yi juyi biyu kamar mai jin barci, ta tsaya.

Inna ta taso da kanta. Ta share barkonon gefe da hannu, fanka ta tashi. Ta mayar, ta tsaya. Ta share, ta tashi. Ta yi haka ya fi a ƙirga, tana leƙa fankar tana leƙa gilashin, har matar Habu ta fito bakin ƙofa da mayafi tana dariya.

Inna ta ce, "Ikon Allah. Ashe marowaci ne. Ba ya cin abinci da kowa."

"Haka yake, Inna. Ko ganye ɗaya ne ya kwanta masa sai ya yi fushi."

Na ɗauka an gama. Sai ta riƙe ƙugu ta ce, "To barkonona fa? Ni da ka saba mini da daɗi, yanzu in koma korar kaji? In dai zaɓi ne, ku ɗauke fitilarku. Na shekara nawa ina kwana da aci-balbal ban mutu ba. Miya kuwa kullum ake sha."

Na ga tsani yana taho mini. Na ce ta ba ni zuwa la'asar. Na ari keken wani yaro na je na samo kafintan, na kira Oga na ce ya aiko mini da doguwar waya mai kauri a motar kasuwa. Ya ce me ya faru. Na ce labarin ba ya faɗuwa a waya, amma ya sani idona ɗaya ya tafi a bakin aiki. Muka cire fanel daga tebur muka hau da shi rufin ɗakin girki, inda tun farko ya kamata ya zauna, muka ɗaure shi da kyau. Teburin kuma kafinta ya buga masa fallen kwano, ya yi masa baki ta kowane gefe don kada barkono ya gangaro. Inna ta shafa kwanon, ta taɓe baki, ta ce bai kai gilashi santsi ba, amma za ta gwada shi saboda ni.

Muna cikin haka Habu ya kira wayar Inna, ya ce a ba shi yaron. Na karɓa, na gaishe shi da hanya.

"Ƙanena, ka gano matsalar ko in kira na Kabo?"

"Na gano, Yaya Habu. Wurin da na sa fanel ɗin ne bai dace ba, ya yi ƙasa da yawa. Na mayar da shi sama."

"Ƙasa kamar yaya? Rana ba ta kaiwa ƙasa ne a Getso?"

Kafin in buɗe baki, Inna ta fizge wayar. "Kai Habu, ka bar yaron mutane ya huta. Ni ce nake shanya a kai. Eh, barkono. Da kuɓewa. To wa ya gaya mini? Kai da ka saya ka gaya mini? Ka zo ka ga idon angona, kamar gauta." Ina jin dariyar Habu tana fitowa daga wayar har inda nake tsaye. Da ya nutsu ya ce a mayar masa da ni, ya ce in yafe masa zargin da ya yi, kuma zai taho mini da tabarau daga kudu saboda gaba.

Da na ba Oga labari, dariya ta hana shi tsayuwa, sai da ya zauna a kan batir. Da ya share hawaye ya ce daga yau duk gidan da na je, kafin in auna rana in fara tambaya a ina ake shanya.

Habu ya iso ranar Juma'a ya tarar da fitila tana ci, kuma tun daga ranar ba ta sake ɗaukewa ba. Jaka tana hannuna har yau. Teburin kuwa matan unguwa suka yi ta zuwa gani, kafin kaka ta wuce gidaje da yawa a Getso sun sa an buga musu irinsa. Kafintan ne ya ci wannan kasuwar, mu ko fanel ɗaya ba su saya ba.